Lazar: Yadda Sunan Wani Mabaraci Ya Zama Sunan Kuturu a Tsohon Turanci

Mece ce wannan kalma, kuma me take nufi?

Lazar tsohuwar kalmar Turanci ce da ta bayyana a rubuce wajen ƙarni na 14. Ma'anarta kuturu, musamman kuturu matalauci mai zaman bara a bakin hanya ko ƙofar coci. Daga baya ta faɗaɗa, har duk wani faƙiri mai gyambo ko wata cuta da ake ƙyama ana ce masa haka. Yau ba mai furta ta a kasuwar Landan. Sai dai a tsofaffin rubuce-rubuce irin na marubutan Ingila Chaucer da Shakespeare, waɗanda duka sun yi amfani da ita, ko kuma a sunayen wurare.

Daga ina ta samo asali?

Daga sunan mutum. A Bisharar Luka, sura ta 16, Kiristoci sun ruwaito wani misali da Annabi Isa (AS) ya bayar: wani attajiri yana shan daɗinsa kullum, a ƙofar gidansa kuwa an yasar da wani matalauci mai suna Li'azaru, jikinsa duk miki, yana marmarin ɓarɓashin da ke faɗowa daga teburin mai gida, karnuka na zuwa suna lasar gyambunansa. Da suka mutu sai lamari ya juye, matalaucin ya samu hutu kusa da Annabi Ibrahim, attajirin ya faɗa azaba.

A Latin sunan shi ne Lazarus, kuma asalinsa Ibrananci ne, Ele'azar, wato "Allah ya taimaka". Malaman coci na Turai suka riƙa kiran kowane kuturu da wannan suna, Turawan Ingila suka gutsure wutsiyar kalmar, ta koma lazar. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Mu ma idan mutum ya tara dukiya ya hana, Ƙaruna muke ce masa, azzalumin shugaba kuwa Fir'auna.

To shi Li'azaru kuturu ne?

Nan ne abin ya ba ni sha'awa, domin nassin bai ce haka ba. Miki kawai aka ambata. Marubucin Bisharar Luka ya san kalmar kuturta sarai, ya yi amfani da ita a wasu surori, har da labarin kutare goma a sura ta 17, amma bai ɗora ta a kan wannan mabaraci ba. Masu wa'azi na ƙarnonin baya ne suka ga mutum kwance da gyambo, an guje shi, suka yanke hukunci da kansu.

Sai kuma wani ruɗanin ya hau kan na farko. Akwai Li'azaru na biyu a Bisharar Yahaya, sura ta 11, ɗan'uwan Maryamu da Marta, mutumin ƙauyen Betanya kusa da Birnin Ƙudus, wanda aka ce an tashe shi bayan kwana huɗu a kabari. Shi ma ba kuturu ba ne. Amma a wannan ƙauye ne aka ambaci gidan wani "Saminu kuturu", kuma ga suna iri ɗaya. Jama'ar gari suka cakuɗa mutanen biyu suka zama waliyyi guda, majiɓincin kutare. Har yau ƙauyen na nan, Larabawa na kiransa Al-Azariyya.

Ashe kenan zagi ne?

Ba kai tsaye ba, kuma wannan ne ya bambanta ta da sunaye irin Ƙaruna da Fir'auna. Mutumin Turai na wancan zamani yana kallon kuturu da ido biyu. Da ɗaya yana ganin wanda ake zaton zunubi ne ya ja masa. Da ɗayan yana ganin bawan Allah da ke shan azabarsa tun a duniya, wanda addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa. Duk wanda ya ce wa kuturu lazar yana tuna wa kansa ƙarshen attajirin nan da ya tsallake mabaraci a ƙofarsa. Shi ya sa sarakuna da masu hali suka yi ta gina musu gidaje, suna neman lada.

A Ingila an kafa irin waɗannan gidaje kusan 300 daga ƙarshen ƙarni na 11 zuwa tsakiyar na 14. Cikin na farko akwai na Harbledown kusa da Canterbury, wanda Babban Bishop Lanfranc ya gina wajen 1084. A 1179 babban taron cocin Katolika a Roma ya ba kutaren da ke zaune a rukuni damar samun cocinsu da limaminsu da maƙabartarsu. Ana yawan gina gidajen a bayan ganuwa, amma a bakin babbar hanya, inda matafiya za su miƙa sadaka. Masana tarihi na yanzu ma suna ganin ƙararrawa da katakon ƙwanƙwasawa da kutare ke riƙewa ba don korar mutane kaɗai ba ne, har da jawo hankalin masu bayarwa, tunda cutar kan shaƙe murya.

Ba wai babu tsangwama ba. A 1346 Sarki Edward na Uku ya ba da umarnin a fitar da kutare daga birnin Landan.

Gaskiya ne akwai mayaƙa kutare masu wannan suna?

Gaskiya ne. A ƙarni na 12, zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya, wani asibitin kutare da ke bayan ganuwar Ƙudus ya rikiɗe ya zama ƙungiyar Waliyyi Lazarus. Barden da ya kamu da cutar sai ya koma cikinta, wasunsu kuma suka ci gaba da fita fagen daga. A wannan zamani ne Baldwin na Huɗu, wanda shi kansa kuturu ne, ya yi sarautar Ƙudus daga 1174 zuwa 1185, ya gwabza da Salahuddin Al-Ayyubi. Hedikwatar ƙungiyar a Ingila tana wani ƙauye a yankin Leicestershire, wanda har gobe sunansa Burton Lazars.

Wasu kalmomi sun fito daga wannan tushe?

Da dama, kuma sun fi uwar tasu tsawon rai. A 1423 hukumar birnin Venice, a Italiya ta yau, ta keɓe wani tsibiri don masu annoba. Cocin tsibirin na ɗauke da sunan Nazarat, sai bakin jama'a ya gauraya shi da Lazzaro, wato Li'azaru a bakin Italiyawa, aka samu lazzaretto, wurin killace matafiya da kayan jirgi. Kalmar ta bi jiragen ruwa ta shiga Turanci da Faransanci da sauransu. A Naples kuwa, talakawan da ke kwana a titi su ne lazzaroni.

Ta Faransanci ce ta fi ba ni dariya. Can sunan ya lanƙwashe ya zama ladre, da farko kuturu, daga baya marowaci. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne, kamar yadda fatar kuturu ba ta jin zafi, haka zuciyar marowaci ba ta jin kukan mabuƙaci. Sunan mabaraci ya ƙare a kan mai hana mabaraci. Haka kuma babbar tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris ta ɗauko sunanta daga titin da ke bi zuwa wani tsohon gidan kutare.

Ita kaɗai ce tsohuwar kalmar kuturu a Turanci?

A'a, akwai mesel, wadda ta shigo ta tsohon Faransanci daga Latin misellus, wato ɗan abin tausayi. Ita ta riga lazar ɓacewa. Wadda ta rage ita ce leper, mai tushe a Girkanci, daga kalmar da ke nufin ɓawo ko saɓar fata. Da farko sunan cutar ce, kafin ta koma kan mai cutar.

Me ya kashe kalmar?

Abin da take nunawa ne ya ɓace. Daga ƙarni na 14 kuturta ta yi ta ja da baya a Ingila, kuma har yanzu masana na muhawara kan dalili. Gidajen kutare suka koma gidajen gajiyayyu, wasu aka rushe. Fadar St James da ke Landan, wadda Sarki Henry na Takwas ya gina a shekarun 1530, a kan filin wani asibitin mata kutare take. Da ba kuturu a bakin hanya, sai kalmar ta koma ta marubuta.

Yau me ake cewa?

A 1873 wani likita ɗan Norway, Gerhard Armauer Hansen, ya gano ƙwayar cutar a birnin Bergen, abin da ya tabbatar ba gado ba ce, ba kuma la'ana ba. Shi ya sa ake ce mata cutar Hansen, ƙasar Brazil ma ta mayar da wannan suna doka a takardun hukuma. Ma'aikatan lafiya kan guji kiran mutum leper, domin Turawa sun mayar da kalmar laƙabin duk wanda jama'a ta guje. Mu ma nan mun san nauyin kalmar kuturu a baki, duk da muna da Sarkin Kutare a garuruwanmu, muna kuma cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano.

Cutar dai tana warkewa. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna, waɗanda yanzu ake sha wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake raba su. Yawancin mutane jikinsu na da kariya daga ita, wanda ya fara shan magani kuma ba ya yaɗa ta. Dungulmin yatsu da aka san kuturu da shi yana zuwa ne idan an makara, bayan jijiyoyi sun mutu, mutum ya riƙa ƙonewa yana jin rauni bai sani ba. Duk da haka ana samun sababbin masu kamuwa kusan 200,000 a shekara, mafi yawa a Indiya da Brazil da Indonesiya, Najeriya ma tana cikin ƙasashen da ake ci gaba da samunta.