Auna nisan taurari

Auna nisan taurari fanni ne na ilimin falaki da ke gano tazarar da ke tsakanin duniya da taurari ko manyan rukunonin taurari. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne shekarar haske, wato nisan da haske ke ci cikin shekara guda, kimanin kilomita tiriliyan tara da rabi.

Hanyar farko lissafin kusurwa ce. Wanda ya taɓa bin hanyar Maradi zuwa Madarunfa a mota ya san itatuwan bakin hanya na wucewa da gudu, na nesa kuwa da ƙyar suke gusawa. Haka masana ke duban tauraro yau, su sake dubansa bayan wata shida, lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana, tazarar kusan kilomita miliyan 300. Gwargwadon gusawar da ya yi a gaban taurarin da ke can baya, gwargwadon kusancinsa. Bajamushe Friedrich Bessel ne ya fara buga irin wannan awon a 1838. Tauraron ɗan adam na Gaia, da Turai ta harba a 2013, ya yi wa taurari fiye da biliyan ɗaya wannan awon. Tauraruwar Alfa Sentauri, da ake hangowa ƙasa-ƙasa ta kudu daga Maradi a farkon damina, tana da nisan shekarar haske 4 da ɗan ɗoriya. Kaza da ƴaƴanta kuwa sun kai kusan 440.

Idan nisa ya yi yawa, gusawar ba ta aunuwa. A nan aikin masaniyar falaki Henrietta Leavitt ya yi rana. A 1912 ta nuna cewa akwai taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa, kuma wanda ƙaruwa da raguwar haskensa ta fi jinkirin zagayowa ya fi haske na ainihi. In an san hasken ainihi, dushewarsa a ido ta isa ta bayyana nisa. Da irin waɗannan taurarin ne masanin falaki Edwin Hubble ya tabbatar cewa Andromeda rukunin taurari ne dabam da namu, wato wanda rana ke ciki. Yau ana ƙiyasta nisanta da shekarar haske miliyan biyu da rabi.

Gaba da nan sai a dogara ga wani nau'in fashewar taurari, da kuma karkatar haske zuwa ja, alamar rukunin na nisantar mu.

Raunin tsarin shi ne kowace hanya da wadda ta gabace ta ake daidaita ta. Kuskure kaɗan a lissafin kusurwa yakan bi har cikin awon rukunoni mafi nisa, shi ya sa masana ke ta sake auna taurarin kusa.