Ma'anar hardis da dalilin tashin farashinsa idan kaya ya yi ƙaranci

Hardis shi ne ɓangaren kwamfuta da ke riƙe bayanai na dindindin, wato duk abin da mutum ya ajiye kuma yake sa ran ya tarar da shi gobe bayan ya kashe na'urar, kama daga manhajar da ke tafiyar da kwamfutar kanta har zuwa takardu da hotuna da karatun malamai da aka naɗa da lissafin shago. Mutane da yawa suna haɗa shi da RAM, alhali aikinsu ya bambanta, domin RAM tana riƙe abin da ake aiki da shi a wannan lokacin ne kawai, kuma da zarar wuta ta ɗauke sai komai ya goge daga cikinta. Hausawan da ke zaune a Makka da Madina da Jidda sun fi cin karo da hardis a wurare uku: a cikin kwamfutar ofis ko ta gida, da wanda ake jonawa daga waje da igiyar USB, sai kuma wanda ke cikin akwatin naɗar hotunan kyamarorin tsaro, wanda yau da wuya a shiga shago ko otal a Saudiyya ba a same shi ba.

Idan aka buɗe murfin ƙarfen da ke rufe da shi, abin da za a gani yana kama da faifan garmaho da allurarsa. Akwai faifai ɗaya ko fayafai da dama da aka jera bisa sanda guda, an yi su da alminiyom ko gilashi, an kuma shafe su da wani siririn sinadari mai karɓar maganaɗisu. Wani ɗan inji yana juya su, galibi sau 5,400 ko sau 7,200 a minti ɗaya, sannan wani hannu mai ɗauke da ƙaramin kai yana kai da komo a samansu, yana rubutawa ta hanyar sauya alƙiblar maganaɗisun wasu ƙananan gurabe, yana kuma karantawa ta hanyar gane alƙiblar da kowane gurbi ya fuskanta. Inda ya rabu da garmaho shi ne wannan kai ba ya taɓa faifan ko kaɗan. Iskar da juyin faifan ke haifarwa ce take ɗaga shi, kuma ratar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ta yadda ƙwayar ƙura ɗaya ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake harhaɗa hardis a ɗakunan da aka tace iskarsu, shi ya sa kuma faɗuwa ɗaya daga kan tebur yana cikin aiki ta isa ta sa kan ya karce faifan, a rasa abin da aka shekara ana tarawa. Mai gyaran da ya buɗe murfin a kan teburin shagonsa da sunan dubawa, a gaskiya ya ƙarasa shi ne.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da hardis na farko a 1956. Yana da fayafai 50 masu faɗin inci 24 kowanne, nauyinsa ya kai kusan tan ɗaya, amma abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba, wanda hoto ɗaya mai kyau na wayar zamani zai iya cinye shi. A 2007 kamfanin Hitachi ya fitar da mai tarabait 1, wato gigabait 1,000, yanzu kuma ana ƙera masu tarabait 30 domin manyan cibiyoyin adana bayanai.

Lambobin da ke jikin kwali ba su da wuyar fahimta. Mai inci 3.5 na kwamfutar tebur ne da akwatin kyamara, mai inci 2.5 kuma na kwamfutar tafi-da-gidanka ne da ƙananan na waje waɗanda ba su buƙatar wutar kansu. Mai juyi 7,200 ya fi sauri, sai dai ya fi zafi da ƙara. Abin da ya fi haddasa musu tsakanin mai saye da mai shago shi ne girman ajiya, domin mutum yakan sayi mai tarabait 1, ya isa gida ya jona, sai Windows ta nuna masa gigabait 931, ya dawo yana cewa an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Masu ƙerawa suna lissafi da dubu-dubu, ita kuwa Windows tana rabawa da 1,024 a kowane mataki, don haka ajiyar ɗaya ce, ma'aunin ne ya bambanta.

Akwai kuma SSD, wanda ba shi da faifai ko wani abu mai motsi, yana ajiya ne a cikin ƙananan ƙwayoyin lantarki. Ya fi hardis sauri ƙwarai kuma ya fi jure girgiza, saboda haka kusan duk sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da shi take zuwa. Abin da ya hana hardis ɓacewa shi ne araha, domin idan ana maganar ajiya mai yawa, kuɗin kowane tarabait a hardis ya yi ƙasa da na SSD sosai, kuma wannan ratar ce ta sa manyan kamfanonin intanet har yanzu suke zuba mafi yawan bayanansu a kansa.

A al'ada farashin ajiya sauka yake yi shekara bayan shekara, saboda masu ƙerawa suna ƙara cusa bayanai a faifai ɗaya ba tare da kuɗin ƙera shi ya ƙaru sosai ba. Idan kuwa ya juya ya hau, ɗan kasuwar Kano ko Yamai yana da amsar da ya saba bayarwa, wato dala ta tashi, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. A Saudiyya wannan hujja ba ta da gurbi, domin tun 1986 riyal yake ɗaure da dala a kan 3.75, kuma babban sauyin da ya shafi farashin kaya kai tsaye a 'yan shekarun nan shi ne harajin sayen kaya, wanda aka fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018 aka ɗaga shi zuwa kashi 15 a watan Yulin 2020. Don haka idan hardis ya yi tsada a shagunan titin Khalid bin Walid na Jidda ko a kasuwar kwamfuta ta Olaya a Riyad, alhali haraji bai motsa ba, to dalilin yana can inda ake ƙera shi ko inda ake wawashe shi. A ganina wannan ya sa mazaunin Saudiyya ya fi ɗan'uwansa na gida damar ganin ainihin yadda wannan kasuwa take aiki.

Kasuwar kuwa ƙunci gare ta. Kamfanoni uku ne kacal suka rage a duniya masu ƙera hardis: Seagate da Western Digital na Amurka, da Toshiba na Japan. Kowane suna da aka gani a jikin hardis na waje, idan aka fasa kwanson, ɗaya daga cikin ukun nan za a tarar a ciki. Su ma sun dogara ne da wasu 'yan tsirarun masana'antu da ke yi musu sassa, kuma yawancin wannan aiki ya taru a kudu maso gabashin Asiya.

Shekarar 2011 ce ta fito da hatsarin wannan tsari fili. Damina ta yi ƙarfi a Tailan tun daga watan Yuli, ruwa ya riƙa gangarowa daga arewa ta kogin Chao Phraya, zuwa watan Oktoba kuma ya mamaye yankunan masana'antu na lardunan Ayutthaya da Pathum Thani da ke arewa da Bankok. Mutane fiye da 800 suka rasu, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta asarar da kimanin dala biliyan 45. Western Digital, wanda ke ƙera kusan kashi 60 cikin ɗari na hardis ɗinsa a ƙasar, ya rufe masana'antunsa na Bang Pa-in da Navanakorn bayan ruwa ya shanye injuna, har sai da aka sa masu ninƙaya suka riƙa nutsewa suna kwanto kayan aiki. Masana'antun Seagate ruwa bai shige su ba, amma hakan bai cece shi gaba ɗaya ba, domin kamfanin Nidec na Japan, wanda ke ƙera mafi yawan ƙananan injunan da ke juya fayafan hardis a duniya, shi ma ambaliyar ta tsayar da wasu masana'antunsa. Hardis kuwa ko sashe ɗaya ya rasa ba ya fita kasuwa. Cikin 'yan makonni, a daidai lokacin da alhazai ke taruwa domin aikin Hajjin 1432, farashin nau'o'i da yawa ya ninka, wasu ma ya wuce haka, manyan shaguna a Amurka suka taƙaita adadin da mutum ɗaya zai iya saye, kuma a watan Disamba kamfanin Intel, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya rage hasashen cinikinsa da kimanin dala biliyan 1, saboda masu haɗa kwamfuta ba su da hardis ɗin da za su sa a ciki.

Abin lura shi ne farashin ya tashi tun kafin kayan da ke ɗakunan ajiya su ƙare. Manyan kamfanonin kwamfuta suna da yarjejeniya da masu ƙerawa, su ake fara sallama, abin da ya rage ne ke gangarowa hannun dillalai, waɗanda da dama daga cikin masu kawo wa yankin nan kaya a Dubai suke. Dillali yana sa kuɗi ne bisa abin da zai kashe wajen sake cike rumbunsa, ba bisa yadda ya sayi na hannunsa ba, mai shago kuma yana bin sawunsa, sannan wanda yake buƙatar ɗaya sai tsoro ya sa ya sayi uku. Ba kowane ƙarin kuɗi a irin wannan lokaci ne zalunci ba, ko da yake masu ɓoye kaya ba sa rasa samun rabonsu a ciki.

Saukowar ba ta yi saurin hawan ba. Western Digital ya soma dawo da aiki kafin ƙarshen 2011, amma sai da aka kwashe kusan shekara biyu kafin farashin kowane gigabait ya koma inda yake kafin ambaliyar. Wani ɓangare na dalilin shi ne a wannan tsakanin ne Seagate ya kammala sayen sashen hardis na Samsung a Disambar 2011, Western Digital kuma ya kammala sayen na Hitachi a Maris na 2012, masu gasa suka ragu daga biyar zuwa uku, babu wanda ke gaggawar karya farashi. A lokacin ne ma aka rage shekarun garanti na nau'o'i da yawa, wanda shi ma tsada ce ta wata fuskar da mai saye ba ya gani a rasit.

Ƙaranci ba daga masana'anta kaɗai yake zuwa ba, wani lokaci buƙata ce ke yin yawa. A 2021 wani kuɗin kirifto mai suna Chia, wanda ake samunsa ta hanyar ware masa sararin ajiya mai yawa a hardis, ya sa mutane suka wawashe manyan hardis, musamman a ƙasar Sin, farashi ya hau na 'yan watanni sannan ya lafa da darajar kuɗin ta faɗi. A 2025 kuma cibiyoyin adana bayanai na ƙirƙirarriyar basira ne suka riƙa kame manyan nau'o'in tun kafin a ƙera su, a daidai lokacin da SSD da RAM su ma suke tsada. Irin wannan ƙarancin yakan fara ne daga masu girman ajiya, daga baya ya sauko kan ƙananan, saboda masana'anta takan karkata injunanta zuwa inda riba ta fi.

Ma'aunin da ya dace mai saye ya riƙe shi ne kuɗin kowane tarabait. A ɗauka, don lissafi kawai, mai tarabait 2 yana riyal 300, mai tarabait 4 kuma yana riyal 440. Na farkon ya kama riyal 150 kowane tarabait, na biyun riyal 110. Wanda hardis ɗinsa ya fara ƙara ko ya fara jinkirin buɗe fayil bai kamata ya jira farashi ya sauka ba, domin kuɗin ceto bayanai daga wanda ya mutu ya ninka na sabo sau da yawa, kuma ba kullum ake dacewa ba. Mai akwatin kyamara kuma ya nemi nau'in da aka yi don aikin dare da rana, kamar WD Purple na Western Digital ko Seagate SkyHawk, ko da na kwamfuta ya fi araha.

Lokacin tsada ne na hannu ke cika kasuwa, a Haraj, dandalin saye da sayarwa na intanet, da ƙananan shaguna, wani lokaci a cikin leda mai kama da ta sabo, kuma araha ba ta ado. Kowane hardis yana rubuta tarihin kansa a wani tsari da ake kira SMART, wanda manhaja kyauta irin CrystalDiskInfo ke nunawa: sa'o'in da ya yi yana aiki, da yawan kunna shi da aka yi, da guraben da suka lalace. Sai dai ana iya goge wannan lissafi. A farkon 2025 an gano a Jamus da wasu ƙasashe cewa an sayar da manyan hardis ƙirar Seagate a matsayin sababbi alhali sun yi dubban sa'o'i suna aiki a wani wuri, wani lissafi na biyu da ke ɓoye a cikinsu ne ya tona asirin masu damfarar. Saboda haka ana duba lambar da ke jikin hardis a shafin kamfanin da ya ƙera shi domin a ga ko garantinsa na nan, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba. Alhajin da zai tafi da shi gida ya tambaya ko garantin yana aiki a wajen yankin da aka sayar da shi, domin sau da yawa a yanki ɗaya yake tsayawa, sannan ya sa shi a jakar hannu, kada ya haɗa shi da akwatunan da ake jifa a filin jirgi.