Kamfanin Ford: Tarihinsa da Halin Motocinsa a Hannun Masu Su

Ford kamfanin ƙera motoci ne na ƙasar Amurka, mai hedkwata a Dearborn da ke jihar Michigan, dab da birnin Detroit. Henry Ford ne ya kafa shi ranar 16 ga Yuni, 1903, shi da masu zuba jari 11, da tsabar kuɗi dala 28,000. Har yau iyalinsa na riƙe da hannun jari na musamman da ke ba su kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'u. Abin da kamfanin ya kawo wa duniya shi ne ƙera mota da yawa, cikin sauri, a kan farashin da ma'aikaci zai iya biya. Wannan tsari ya haifar da motoci masu sauƙin gyara da juriya. Shi ne kuma ya sa idan aka yi tsimin kuɗi ko na wuri a kan ƙaramin ƙarfe guda, aibin yakan bazu cikin miliyoyin motoci kafin a farga.

Asali da Model T

An haifi Henry Ford a 1863 a gonar iyayensa kusa da Dearborn. Yana injiniya a kamfanin lantarki na Edison a Detroit ya haɗa motarsa ta farko a 1896. Kamfaninsa na farko ya karye, na biyu kuma ya fice bayan saɓani da masu kuɗin, kuma daga wannan na biyun aka samu Cadillac.

Model T ta fito a Oktoban 1908 a kan dala 850. Injinta silinda huɗu ne, lita 2.9, ƙarfin doki 20, gudunta bai cika wuce kilomita 70 a awa ba. An ɗaga ta sosai daga ƙasa saboda hanyoyin karkarar Amurka na lokacin laka ce da ramuka, aka kuma yi amfani da ƙarfe mai haɗin banadiyam, marar nauyi mai ƙwari.

Direban yau ba zai iya tuƙa ta kai tsaye ba. Abin takawa uku ne a ƙasa: na hagu shi ne giya, a danne shi mota ta shiga giya ta ɗaya, a sake shi ta shiga ta biyu, na tsakiya ribas, na dama birki, wanda ke kama cikin akwatin giya. Totur kuwa ɗan hannu ne a jikin sitiyari ta dama, ta hagu akwai wani na daidaita lokacin wuta. Kafin 1919 babu kik na lantarki, da hannu ake murɗa injin daga gaba. A nan aka fi samun rauni: idan aka manta ba a tura hannun wuta sama ba, injin kan tashi da baya ya fizge ƙarfen murɗawar ya karya wuyan hannu. Shi ya sa ake koya wa mai mota ya ja ƙarfen sama, kada ya danna ƙasa, kuma kada ya naɗe shi da babban yatsa.

Tankin mai yana ƙarƙashin kujera, ba shi da famfo, gangarowa man yake yi zuwa kafireto. Idan mai ya yi ƙasa aka kama tudu mai tsini, sai injin ya mutu, don haka direbobi suka saba juya motar su hau da ribas. Ba ta da famfon ruwa, zafi kawai ke zagaya da ruwan tsakanin inji da lagireto. Ɗaurin da ke cikin akwatin giya kuma da auduga aka shimfiɗe shi, yana cinyewa, sai mai mota ya buɗe murfi ya ƙara matsewa da kansa. Manomi mai sifana da filaya yana iya riƙe ta shekaru, kuma wannan ne ya sayar da ita fiye da kowace talla.

Layin haɗa mota da ma'aikata

A 1913, a masana'antar Highland Park, aka fara jan shasin mota a kan layi, kowane ma'aikaci na tsaye wuri guda yana maimaita aiki ɗaya. Haɗa shasi ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kimanin awa ɗaya da rabi. Farashi ya bi sahu har ya kai dala 260 a 1925. Daga 1914 zuwa 1925 baƙin fenti kaɗai ake yi.

Aikin ya gallabi mutane, suna shigowa suna gudu. A Janairun 1914 kamfanin ya ɗaga ladan yini daga dala 2.34 zuwa dala 5, ya rage aiki zuwa awa takwas. Kuɗin na da sharaɗi, domin akwai jami'an da ke bi gida-gida suna duba yadda ma'aikaci ke zaune da iyalinsa da ko yana shan giya. Henry Ford ya tsani ƙungiyar ƙwadago; a Mayun 1937 'yan bangar kamfanin suka lakaɗa wa jagororin ƙungiyar duka, ciki har da Walter Reuther, a kan gadar ƙafa ta masana'antar River Rouge. Sai a 1941 aka sa hannu a yarjejeniya. Wani tabon da bai goge ba shi ne rubuce-rubucen ƙin Yahudawa da jaridarsa ta riƙa bugawa daga 1920, waɗanda ya nemi afuwa a kansu a 1927.

Daga Model A zuwa Mustang

Taurin kan Henry Ford ya sa ya riƙe Model T har General Motors, ƙarƙashin Alfred Sloan, ya janye masu saye da sabon fasali kowace shekara da sayarwa bashi. An tsayar da Model T a Mayun 1927 bayan an ƙera fiye da miliyan 15, masana'antu suka zauna rufe watanni kafin Model A ta fito. A 1932 aka kawo injin V8 mai araha. Yana da gudu, amma hanyoyin hayaƙinsa sun ratsa cikin gangar injin, don haka yawan zafi da tsagewa suka zame masa ciwo.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antar Willow Run ta ƙera jiragen yaƙi samfurin B-24 fiye da 8,600. Edsel, ɗan Henry Ford, ya rasu a 1943, jikansa Henry Ford II ya karɓi kamfanin a 1945 yana tafka asara, ya ɗauko matasan masana lissafin kuɗi daga rundunar soja, cikinsu har da Robert McNamara. Shi tsohon, Henry Ford, ya rasu a 1947. A-kori-kura ta jerin F ta fito a 1948, kuma tun 1977 babu a-kori-kurar da ta fi ta kasuwa a Amurka. Motar da aka raɗa wa sunan Edsel ta faɗi warwas tsakanin 1957 da 1959, sannan Mustang ta wanke kunyar a Afrilun 1964 a kan dala 2,368.

Pinto da Explorer

Abubuwa biyu sun fi ɓata sunan kamfanin, kuma duka rayuka suka ci. An sa tankin man Pinto, wadda ta fito a 1970, tsakanin gatarin baya da bamba. Idan aka buge ta ta baya, bututun zuba mai kan tsinke ko notinan gatari su huda tankin, wuta ta tashi. An janye motoci miliyan 1.5 don gyara a 1978, bayan shari'o'i.

Na biyu shi ne tayoyin Firestone a kan Explorer. Fatar tayar kan saɓule ana cikin gudu, musamman a jihohi masu zafi, motar kuma doguwa ce mai saurin kifewa. Ford ya ba da shawarar awon iskar taya ya zama 26, Firestone daga baya ya ce 30 ya kamata, kuma taya mai ƙarancin iska ta fi ɗaukar zafi. An janye tayoyi miliyan 6.5 a Agustan 2000, Ford ya sauya wasu miliyan 13 a 2001. Mutum fiye da 200 suka mutu a Amurka. Dokar da ta biyo baya ce ta wajabta na'urar gargaɗin iskar taya a sababbin motocin ƙasar.

A 2006 sabon shugaba Alan Mulally ya jinginar da kusan duk kadarorin kamfanin, har da tambarinsa, ya ci bashin sama da dala biliyan 23. Wannan kuɗi ya sa Ford bai shiga kotun fatara ba a 2009, lokacin da General Motors da Chrysler suka shiga. Ya sayar da Jaguar da Land Rover ga Tata na Indiya a 2008, Volvo kuma ga Geely na Sin a 2010. A 2018 ya sanar da daina ƙananan motoci a Arewacin Amurka in ban da Mustang.

Abin da masu motocin ke gani

Kanikawa ba sa yanke wa Ford hukunci a dunƙule, sai sun tambayi wane inji ne kuma na wace shekara. Injin silinda shida a jere mai lita 4.9, wanda aka yi daga 1965 zuwa 1996, haƙoran ƙarfe ke juya taiminsa, babu sarƙa babu bel, shi ya sa yake daɗewa. Dizal mai lita 7.3 na 1994 zuwa 2003 da V8 mai lita 4.6 na Crown Victoria, motar tasi da ta 'yan sandan Amurka, su ma sun yi suna wajen jure wahala.

Injin Triton mai lita 5.4 kuwa fulogi ne matsalarsa, sau biyu. A na farkon, na ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2003, zaren da ke riƙe fulogi a kan silinda na alminiyam kusan huɗu ne kacal, don haka fulogin kan sassauta ya yi tsalle waje ya fasa koyil. Gyaransa shi ne a sake yanka ramin a dasa hannun riga na ƙarfe. A na 2004 zuwa 2008 mai bawul uku, fulogin ɓangare biyu ne, baƙin hayaƙi na manne dogon bakinsa, sai ya karye a ciki wajen kwancewa. Ƙa'idar da kamfanin ya bayar ita ce a bar inji ya huce, a sassauta fulogin kwatan juyi ko ƙasa da haka, a ɗiga ruwan wanke kafireto kamar rabin ƙaramin cokali a ramin, a jira aƙalla minti 15, sannan a riƙa gaba da baya da hannu. Gaggawa a nan ita ke mayar da aikin awa biyu na kwana biyu. Wannan injin kuma yakan yi ƙara kamar dizal idan ya yi zafi, alamar ƙarfin baƙin mai ya ragu a na'urar daidaita taimin, galibi saboda jinkirin juye.

Giyar otomatik ta PowerShift da ke Fiesta daga 2011 da Focus daga 2012 zuwa 2018 ita ce ta fi jawo ƙorafi. A zahiri giyar hannu ce mai busasshen kuloci biyu da kwamfuta ke sarrafawa. Idan robar da ke tare mai ta sake, mai ya taɓa kulocin, sai mota ta riƙa kakkarwa wajen tashi. Ƙwaƙwalwar giyar ma kan mutu, mota ta ƙi shiga giya. Kamfanin ya tsawaita garanti, kotu a Ostareliya kuma ta ci shi tarar dalar ƙasar miliyan 10 a 2018 kan yadda ya bi da masu ƙorafi. Jan jiki a cunkoso yana ƙona kulocin da wuri. Focus mai giyar hannu ba ta da wannan ciwo.

Wanda ya fi shafar masu sayen tokunbo shi ne V6 mai lita 3.5 da ke Edge, Taurus, Flex da Explorer na 2011 zuwa 2019. A waɗannan motoci injin a gicciye yake, wuri ya yi kaɗan, sai aka cusa famfon ruwa cikin injin, sarƙar taimin ke juya shi. Idan famfon ya fara lalacewa, ruwa kan ɗiga ta wata 'yar kafa da ke bayan janareton caji. Idan aka ƙyale shi, ruwan sai ya zube cikin baƙin mai, injin ya buga. Alamun su ne ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, da mai a sandar awo ya koma kalar shayi mai madara. Wanda ya ga haka ya kashe mota nan take, a jawo ta. Aikin na cin yini guda ko fiye, kuma tunda an buɗe, hankali shi ne a sauya sarƙa da abin matse ta gaba ɗaya. Zuba ruwan famfo zalla maimakon ruwan sanyaya inji yana cinye famfon da tsatsa. Masu jan ƙafa huɗu na da ƙarin wani ɗan akwati mai raba ƙarfi zuwa baya, wanda ke ɗaukar mai kusan rabin lita kawai kuma yana manne da salansa. Man kan dahu ya yi kauri, don haka masu kula sukan zuƙe shi su zuba sabo duk bayan kilomita 50,000.

A Afirka da Najeriya

Ford ya kafa reshe a Afirka ta Kudu tun 1923, kuma a Silverton kusa da Pretoria ake ƙera a-kori-kurar Ranger. A 2015 aka fara haɗa Ranger a Ikeja, Legas, tare da kamfanin Coscharis. Galaxy ta farko da ake gani a tashoshin mota ta Turai ce: a masana'anta ɗaya aka ƙera ta da Volkswagen Sharan a Fotugal daga 1995, shi ya sa kayan gyaransu da yawa ke shiga juna.

Ga motar da aka shigo da ita daga Amurka, lambar shasi mai harafi 17 tana faɗin abin da dillali ba lallai ya sani ba. Harafi na takwas yana nuna injin, na goma shekarar samfurin, na farko kuma ƙasar da aka ƙera ta: 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko. Da wannan lambar ake duba shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, a ga ko akwai gyaran da aka kira motar dominsa ba a kai ta ba kafin a ɗora ta a jirgi.