Shaidar Mutum ta Dijital Tsakanin Ƙasashe

Shaidar mutum ta dijital bayani ne da hukuma ke ba mutum don ya tabbatar ta intanet cewa shi ɗin ne, ba sai ya je ofis ya miƙa kati ba. Akan ajiye ta a jikin katin ɗan ƙasa ko a cikin wayar hannu. Bambancinta da kalmar sirrin shiga Facebook shi ne doka ta san da zamanta, kuma akwai wanda za a tuhuma idan aka ba da ita ga wanda bai dace ba.

Tarihi

Asalin abin daga lissafi yake. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka wallafa dabarar makulli biyu: ɗaya na sirri da mai shi kaɗai ke riƙewa, ɗaya na fili da kowa zai iya gani. A 1977 tsarin RSA na ɓoye saƙo da sa hannu ya fito, dabarar ta soma aiki a zahiri. Sai dai makulli ba ya faɗin sunan mai shi. Wannan giɓin ne ma'aunin X.509 na 1988 ya cike, inda amintacciyar hukuma ke sa hannu a kan takardar lantarki cewa makulli kaza na wane ne.

Doka ta daɗe kafin ta kamo. Jihar Yuta ta Amurka ta yi dokar sa hannun dijital a 1995, ana kuma yawan lissafa ta cikin na farko. Tarayyar Turai ta ba da umarninta a 1999, gwamnatin tarayyar Amurka ta yi tata dokar a 2000. Umarnin Turai ya tsaya kan sa hannu kawai, kowace ƙasa kuma ta aiwatar da shi ta hanyarta. Saboda haka katin da ke buɗe kowace ƙofa a gida sai ya zama roba kawai da zarar an tsallaka iyaka.

Estoniya ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ta fara raba katinta a 2002, a 2005 kuma aka kaɗa ƙuri'a da shi ta intanet. Mai katin na da lambobin sirri biyu: mai alƙaluma huɗu don shiga, mai biyar don sa hannu. Rabuwar tana da hikima, domin nuna kai daban, ɗaukar alkawari daban. A ƙarshen 2014 ƙasar ta buɗe wa baƙi damar samun irin wannan shaida ba tare da sun zauna a cikinta ba. A 2017 aka gano rauni a yadda katunan ke ƙera makullansu, abin ya shafi sama da kati 700,000, kuma a watan Nuwamba gwamnati ta dakatar da takardunsu na lantarki har sai an sabunta su.

Dokar eIDAS

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 910/2014, wadda aka fi sani da eIDAS, an amince da ita ranar 23 ga Yuli, 2014. Ta kasa ƙarfin shaida gida uku: na ƙasa, matsakaici da na ƙoli. Ta kuma ce sa hannun lantarki mafi daraja daidai yake da na alƙalami a gaban shari'a. Daga 29 ga Satumba, 2018 ya zama wajibi hukumomin gwamnati su karɓi shaidar da wata ƙasar Tarayyar ta gabatar a hukumance.

Idan ɗalibi daga Jamus zai yi hulɗa da wata hukuma a Sifen, shafin intanet na hukumar zai tambaye shi ƙasarsa, ya mayar da shi can ya sa lambar sirrinsa. Abin da ya wajaba ya tsallaka iyaka kaɗan ne: sunan dangi, sunan yanka, ranar haihuwa da lambar tantancewa. Amma dokar ba ta tilasta wa ƙasa ta gabatar da tsarinta ba, ba ta kuma ɗaure kamfanoni ba, shi ya sa tafiyar ta yi nawa.

Gyaran dokar, mai lamba 2024/1183, ya fara aiki ranar 20 ga Mayu, 2024. Ya ɗora wa kowace ƙasa samar da jakar shaida ta waya zuwa wajajen ƙarshen 2026, kyauta, kuma ba dole ga wanda ba ya so. Da ita mutum zai iya nuna ya wuce shekara 18 ba tare da bayyana ranar haihuwarsa ba.

Taƙaddama

A 2023 Mozilla, mai manhajar shiga intanet ta Firefox, da masu bincike da dama sun soki sashe na 45 na daftarin gyaran, suna ganin zai tilasta wa manhajojin shiga intanet amincewa da takardun tantance shafuka da gwamnatoci suka lamunta, abin da suka ce zai iya ba da damar leƙen asiri. Hukumar Tarayyar ta musanta cewa hakan zai buɗe ƙofar leƙen asiri.

Wajen Turai

A 2022 hukumar dokokin kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCITRAL, ta fitar da dokar koyi kan karɓar shaidar wata ƙasa, wadda ba ta ɗaure kowa sai ƙasar da ta sa ta cikin dokokinta.