Waiwaye: David Kelly da fim ɗin da ya fito da shi yana ɗan shekara 69

A ƙarshen 1998 wani ƙaramin fim na barkwanci mai suna Waking Ned ya shiga gidajen sinima a Amurka, inda aka tsawaita sunansa zuwa Waking Ned Devine. Kimanin dala miliyan 3 aka kashe wajen shirya shi, abin da ya samo kuwa ya haura miliyan 50. Dattawa biyu ne suka ɗauki nauyinsa, Ian Bannen da David Kelly, ba saurayi ba budurwa a sahun gaba.

Labarin na wani ƙauye ne a Ireland, Tullymore, mai mutum 52. Wani tsoho, Ned Devine, ya ci cacar ƙasa ta kusan fam miliyan 7, murna ta tsayar masa da zuciya, aka tarar da gawarsa riƙe da tikitin. Sai Jackie, wato Bannen, ya lallaɓi amininsa Michael ya yi sojan gona a matsayin mamacin domin a karɓo kuɗin, daga baya kuma ƙauyen ya haɗa baki a kan za a raba daidai. Kelly ne Michael.

Abin da masu kallo da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba a Ireland aka ɗauki fim ɗin ba. A ƙauyen Cregneash na tsibirin Man, da ke tsakanin Ireland da Birtaniya, aka yi aikin, domin a tsakiyar shekarun 1990 hukumomin tsibirin sun fara zuba kuɗi don janyo masu shirya fim. Daraktan, Kirk Jones, ɗan Ingila ne da ya fito daga harkar tallace-tallacen talabijin, wannan ne fim ɗinsa na farko. Bannen ɗan Scotland ne. Wannan ba sabon abu ba ne ga Ireland. Tun 1951, lokacin da darakta John Ford ya zo daga Amurka ya ɗauki The Quiet Man a ƙauyen Cong, baƙi ne suka fi nuna wa duniya ƙauyen Ireland, da kuɗinsu, yadda suke son ganinsa. An buɗe sutudiyon Ardmore a Bray a 1958, amma galibin masu hayarsa kamfanonin waje ne. Ɗan wasan gida sai dai ya tsaya a dandamalin Abbey ko Gate a Dublin, ko ya tsallaka Landan neman abinci.

Rayuwar Kelly ke nan. An haife shi a Dublin a 1929, ya fara hawa dandamalin Gaiety yana ɗan shekara 8, ya kuma koyi zane da rubutun ƙawa saboda wasa kaɗai ba ya riƙe gida. A Birtaniya an san fuskarsa, amma a wace rawa? Magini O'Reilly mai aikin algus a kashi ɗaya tak na shirin barkwancin talabijin Fawlty Towers a 1975, sai mai wanke-wanke mai hannu ɗaya a shirin Robin's Nest daga 1977 zuwa 1981. Irin gurbin da ake ware wa ɗan Ireland ke nan a lokacin, ya shigo a yi dariya ya fita. Mutanen gida ne suka ga zurfinsa a 1980, a Strumpet City na gidan talabijin ɗin RTÉ, inda ya fito a matsayin Rashers Tierney, matalaucin da ke yawon titi a Dublin zamanin rikicin ma'aikata na 1913.

Gwamnatin Ireland ma ta daɗe tana taka rawa tana ɓata ta da tsalle. Hukumar fina-finan ƙasar ta fara aiki a 1981, gwamnatin Charles Haughey ta rufe ta a 1987 da sunan tsuke bakin aljihu. Bayan shekara 2 My Left Foot ya fito, ya ciyo kyautar Oscar har biyu, amma sai a 1993 Michael D. Higgins, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, ya farfaɗo da hukumar yana ministan al'adu. Kafin masana'anta ta miƙe, Kelly ya riga ya haura sittin.

Akwai 'yan Ireland da ke ganin Waking Ned tsohon hoton nan ne aka sake wankewa: ƙauyawa masu wayo, mashaya, goge da waƙa, kayan sayar wa Amurkawa. Ban ce ba su da gaskiya ba. Sai dai zargin bai hau kan Kelly ba. Mutane sun fi tuna inda ya hau babur ba sutura yana tsere don ya riga jami'in caca isa gidan Ned, amma ni wajen jana'izar ne ya fi tsaya mini a rai. Jami'in ya faɗo coci ana tsaka da addu'a, dole Jackie ya sauya sunan mamaci, ya shiga yabon Michael a matsayin wanda ya rasu, alhali Michael na zaune a sahun gaba yana saurare. Kelly bai ce uffan ba. Fuskarsa kaɗai ta nuna mutumin da ke jin abin da amininsa bai taɓa faɗa masa ba tsawon zamansu. Wannan gwaninta ta shekara sittin ce a dandamali, kuma abin takaici ne a ce sinima ba ta neme ta da wuri ba.

Ƙungiyar 'yan wasan fim ta Amurka ta sa sunansa cikin masu takarar kyautarta saboda wannan rawa. Bannen bai daɗe yana cin moriyar nasarar ba, ya rasu a hatsarin mota kusa da tafkin Loch Ness na Scotland a Nuwamban 1999. Kelly kuwa ƙofa ta buɗe masa: a 2005 darakta Tim Burton ya ba shi rawar Kaka Joe a Charlie and the Chocolate Factory, a shekarar kuma cibiyar fim da talabijin ta Ireland ta karrama shi da lambar yabo ta aikin rayuwa. Ya rasu a Dublin ranar 12 ga Fabrairun 2012, yana da shekara 82.