Baƙi da baƙunci a Damagaram

Baƙunci a Damagaram shi ne yadda mutanen birnin Zinder da kewayensa suke karɓar wanda ya zo daga wata ƙasa, ko don ya zauna, ko don fatauci, ko don ya ratsa ya wuce. Zinder tana kimanin kilomita 240 arewa da Kano, a kan tsohuwar hanyar ayari da ta haɗa ƙasar Hausa da Agadas da Tarabulus. Ita ce hedikwatar jahar da ƙidayar 2012 ta ba mutum kusan miliyan 3.5, fiye da kowace jaha a Nijar. A hirar kasuwa da ta fada ba a cika ƙorafi a kan yawan baƙi ba. Abin da aka fi tambaya shi ne wane iri ne baƙon, gidan wa ya sauka, kuma me ya kawo shi.

Kalmar baƙo

Baƙo a bakin Damagarawa ba ya bin iyakar da Nasara suka shata. Bakano ko Badauri da ya shigo da kaya ɗan wata ƙasa ne a takarda, amma a kasuwa ɗan gida ne, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, sau da yawa ma da dangi a gari. Ma'aikacin gwamnati da aka turo daga yammacin Nijar, wanda bai iya Hausa ba, yakan fi shi jin baƙunci ko da katinsa na ɗan ƙasa yana aljihu. Karin magana biyu ake yawan jawowa. Ɗaya ita ce «baƙonka annabinka», mai nuna haƙƙin da baƙo yake da shi a kan mai gida. Ɗayar kuma «baƙo raɓa, ɗan gari kaba», mai tuna wa baƙo cewa shi mai tashi ne.

Birni da Zango

Masarautar Damagaram kanta baƙi ne suka kafa ta. Ruwayoyi suna danganta asalin gidan sarautar ga wani malami Babarbare da ya zo daga wajen Barno, wajen shekarun 1730, kuma sarakunan sun daɗe suna kai gaisuwa ga Barno. Sai a farkon ƙarni na 19 aka mai da fadar Zinder. A zamanin Sarki Tanimun, wanda mulkinsa mai tsawo ya kama daga wajen 1851 zuwa 1884, aka ƙarfafa ganuwa, aka ƙera igwa a cikin gari, kuma birnin ya zama babban mashigin fatauci tsakanin hamada da Kano.

Tsarin garin ya nuna matsayin baƙo ƙarara. Cikin ganuwa akwai Birni, inda fada take da gidajen sarakai. Can arewa, a waje, akwai Zango, inda ayarin Buzaye suke sauke raƙuma, inda fatake Hausawa da Larabawan Gadamas da Tarabulus suke da gidaje da rumbunan kaya. Ana shigo da gishiri da dabino daga Kawar, da tufafi da takubba da bindigogi daga arewa. Ana fita da gashin jimina, da fatu, da hatsi, da bayi. Baƙon da ya zo da dukiya yakan sauka wurin mai masauki, shi ne zai ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso. Wanda ba shi da mai masauki ba shi da mai shaidarsa, kuma wannan ma'auni bai mutu ba har yau. Zango ta yi arziki ƙwarai, har attajiranta irin su Malam Yaro, a ƙarshen ƙarnin, suka zama masu faɗa a ji a fada. Duk da haka ganuwa ta raba su da Birni.

A wancan zamani kalmar Turawa Larabawan arewa take nufi. Mutanen Turai kuwa Nasara ne, ko Annasara, kuma sunan da ake kiransu ke nan a Nijar har gobe. Na farkonsu sun shigo a matsayin matafiya: James Richardson ya sauka Zinder a farkon 1851, Heinrich Barth kuma a ƙarshen 1852, an ba su masauki, sun tafi lafiya. Kyaftin Cazemajou na Faransa bai yi wannan sa'a ba. An kashe shi tare da tafintansa a watan Mayun 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Bayanin da aka fi yi shi ne fada ta ji tsoron zai ƙulla ƙawance da Rabe, wanda ya riga ya ci Barno. Wasu kuma suna ɗora abin a kan zugar fataken arewa masu gudun a ƙwace musu hanya. A watan Yulin 1899 sojojin Faransa suka ci Damagarawa a Tirmini suka shiga birni.

Zamanin Nasara da bayansa

Zinder ta zama hedikwatar Nijar ta mulkin Faransa daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mai da ita Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar. Isowar jirgin ƙasa Kano wajen 1911 zuwa 1912 ta karya fataucin hamada, Larabawa da yawa suka koma kudu. A madadinsu sai ga wani sabon irin baƙo: akawu, da malamin lakwal, da malamin asibiti, da tafinta, waɗanda Faransawa suka ɗebo daga Dahome (Benin ta yau) da Togo da Senegal, saboda ilimin boko ya riga isa can. Cinikin gyaɗa a Magarya da Matamaye ya jawo kamfanonin Faransa da ƴan kasuwa Kwarori, wato ƴan Labanon da Siriya. Galibin waɗannan sun zauna a Sabon Gari, tsakanin Birni da Zango.

Rukunin akawu da malaman nan shi ne ya fara jawo ƙyashi irin na zamani, domin kujerar ofis da albashi suke riƙe da su, ba kayan sayarwa ba, kuma da yawansu Kiristoci ne. A ƙarshen 1963, da rikici ya ɓarke tsakanin Nijar da Dahome a kan tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta kori ƴan Dahome daga ƙasar, dubbai, ma'aikata da iyalansu. Ƴan ƙasa masu takardar lakwal suka cike gurabensu.

Damagarawa a baƙunci

Ba a gane ra'ayin mutanen jahar sai an tuna cewa su ma baƙi ne a gidajen wasu. Da an gama girbi matasa sukan tafi ci-rani, ko bida kamar yadda ake cewa, zuwa Kano da Legas, daga baya kuma Libiya da Aljeriya. Da wuya a sami gida a ƙauyukan Kance ko Magarya ko Tanut da ba shi da wani a waje. Sun kuma ɗanɗani kora. Najeriya ta kori baƙi marasa takarda a 1983 zamanin Shagari, ta sake a 1985 zamanin Buhari, kuma yunwar da ta zo daidai da rufe iyaka a 1984 ana kiranta El Buhari. Yaƙin Libiya na 2011 ya dawo da dubun dubatar ƴan Nijar hannu sake.

A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Daga ƙarshen 2014 Aljeriya ta fara maido ƴan Nijar a jerin motoci bisa yarjejeniya da gwamnati, kuma kaso mai yawa na waɗanda ake saukewa ƴan jahar Damagaram ne. A 2022 an kwaso wasu ɗaruruwa daga Dakar da Akara inda suke bara. Wannan ya sa da wuya mutumin ƙauye ya aibata wanda talauci ya fitar daga gida, ko da mutanen birni suna jin kunyar abin da ake faɗa a kan bara.

Ire-iren baƙi a yau

Ƴan arewacin Najeriya su ne mafi yawa kuma su ne ba a cika lissafawa ba. Suna shigowa ta Dan Barto da Magarya, suna saye da sayarwa da naira da sefa, ana auratayya, almajirai suna ƙetarawa ta kowane ɓangare. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun jawo tsadar kaya, amma fushin jama'a ya fi sauka a kan gwamnatoci.

Ibo da Yarbawa da ƴan Benin da Togo suna riƙe da sana'o'i sanannu: kayan gyaran mota, magani, gini, ɗinki, gidan abinci, koyarwa a makarantun kuɗi. Ana yaba ƙwarewarsu, ana zargin wasunsu da sayar da giya. Ranar 16 ga Janairun 2015, a zanga-zangar ƙin zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, an ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa a Zinder, an rasa rayuka, Kiristoci da dama suka fake a barikin soja. An samu maƙwabta Musulmi da suka ɓoye wasu a gidajensu. Har yanzu ana saɓani a kan ko addini ne kaɗai ya hura wutar ko da siyasa a ciki.

Sinawa, waɗanda ake kira Shinuwa, sun zo da matatar man SORAZ da aka buɗe a Nuwamban 2011 a kan hanyar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana, inda kamfanin CNPC yake da kashi 60 cikin 100, Nijar 40. Suna zaune a keɓe, ba su da mai masauki a cikin gari. Ƙorafin da aka fi yi shi ne tazarar albashi tsakaninsu da ma'aikata ƴan ƙasa, dalilin da hukumomi suka ambata a watan Maris na 2025 da suka kori manyan jami'ai uku na kamfanonin man Sin daga ƙasar.

Masu ratsawa zuwa Agadas don ƙetare hamada ba sa daɗewa. Direba da mai abinci a tasha ne suka fi saninsu. Waɗanda rikicin Boko Haram ya koro kuwa sun fi taruwa a jahar Diffa, waɗanda suka iso Zinder galibi dangi suka saukar da su, ko da yake an yi musu kallon tsoro a shekarun da hare-hare suka yi tsanani.

Doka

Yarjejeniyar 1979 ta CEDEAO (ECOWAS), ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ƴan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza. Dokar 2015-36 ta watan Mayun 2015 ta haramta safarar baƙin haure, da hukuncin ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Direbobi sun ƙi jininta, da yawa suna ganin don Turai aka yi ta, kuma gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta soke ta a Nuwamban 2023. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025.

Binciken ra'ayi

Binciken cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Afrobarometer na 2014 zuwa 2015 a ƙasashen Afirka 33, har da Nijar, ya sami kashi 81 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna cewa za su so, ko ba za su damu ba, in baƙo ɗan wata ƙasa ya zama maƙwabcinsu. Wannan adadi na ƙasashen ne a haɗe.