Ƙungiyar Masu Kallon Fim: Yadda Take Aiki da Abin da Ta Haifar

Mece ce ƙungiyar masu kallon fim, kuma me ya raba ta da zuwa silima kawai?

Ƙungiya ce ta mutanen gari ɗaya ko unguwa ɗaya waɗanda suka yi yarjejeniya a kan su riƙa haɗuwa a ƙayyadadden lokaci, ko mako-mako ko wata-wata, su kalli fim ɗaya tare a kan babban allo, sannan idan an kunna fitila su zauna su tattauna abin da suka gani. Wanda ya je silima shi kaɗai yana sayen tikiti ne ya kalli abin da mai gidan ya ga dama ya saka, ya kaɗe rigarsa ya tafi gida. Ɗan ƙungiya kuwa yana da baki a zaɓen fim ɗin, yana biyan kuɗin wata, kuma ya san cewa bayan kallo za a tambaye shi ra'ayinsa tare da hujja. Wannan zaman na bayan kallo shi ne ƙashin bayan al'amarin. Duk ƙungiyar da ta yi watsi da shi ta koma gidan kallo, ko da kuwa tana da shugaba da ma'aji da hatimi.

A ina aka fara wannan al'ada?

An fara ta ne a birnin Paris na ƙasar Faransa, jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da finafinai ba su ma fara magana ba. Wani marubuci mai suna Louis Delluc ne ake jingina wa sunan da Faransawa suke kiran irin wannan ƙungiya da shi, wato ciné-club, tun daga shekarar 1920. A lokacin manyan mutane suna ɗaukar fim a matsayin wasan 'yan kasuwa, shi kuwa da abokansa suka dage a kan cewa fasaha ce da ta cancanci a yi nazarinta kamar waƙa da zane.

A 1925 aka kafa irinta a Landan, kuma da yake 'yan ƙungiya kaɗai ake bari su shiga, ta sami damar nuna wasu finafinan Tarayyar Sobiyet waɗanda hukumar tace finafinan Ingila ba ta yarda a nuna wa jama'a ba. A Faransa kuma Henri Langlois ya tashi daga ƙaramar ƙungiyar kallo ya kafa ma'adanar finafinai ta ƙasar a 1936. A ɗakin kallonta ne samari irin su François Truffaut da Jean-Luc Godard suka yi karatunsu na fim, suka fara da musu, suka koma rubuta sharhi a mujalla, daga bisani a ƙarshen shekarun 1950 suka ɗauki kyamara da kansu. Haka ma a Indiya, Satyajit Ray da abokansa sun kafa ƙungiyar kallon fim ta Kalkata a 1947, shekara takwas kafin ya fitar da fim ɗinsa na farko.

Shin a Afirka ta taɓa yin wani tasiri, ko dai abin Turawa ne?

Ta yi tasiri ƙwarai, kuma hujja mafi kusa da mu tana Yamai ne. Oumarou Ganda, Bazabarme haifaffen Yamai a 1935, ya yi aikin soja a rundunar Faransa a yaƙin Indochina, sannan ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, inda wani Bafaranshe mai shirya fim, Jean Rouch, ya gamu da shi ya saka shi a fim. Da ya koma gida sai ya shiga ƙungiyar al'adu da silima ta cibiyar al'adun Faransa da Nijar, kuma a can ya koyi riƙe kyamara da ɗaukar sauti. Gasar rubutun labari da ƙungiyar ta shirya a 1968 ita ce ta ba shi damar yin fim ɗinsa na farko. Shekara huɗu bayan haka, wato a 1972, shi ne mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu. A yau akwai gidan raya al'adu a Yamai da yake ɗauke da sunansa.

Shi kansa bikin na Wagadugu, wanda ake kira FESPACO, asalinsa daga masu kallo ne. A 1969 wasu masu sha'awar fim da suke taruwa a ƙungiyar kallo ta cibiyar al'adu a birnin suka gaji da ganin finafinan waje kaɗai a gidajen silimar ƙasarsu, suka shirya makon nuna finafinan Afirka, Alimata Salembéré kuma ita ce ta shugabanci kwamitin shirin. Abin da aka fara a matsayin mako guda na kallo shi ne ya zama bikin fim mafi girma a nahiyar, wanda ake yi duk bayan shekara biyu. A Tunisiya ma haka labarin yake: Tahar Cheriaa ya fito ne daga ƙungiyoyin kallo kafin ya kafa bikin finafinai na Carthage a 1966. Abin lura a nan shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fara da jari mai yawa. Ɗaki ne da na'urar haska fim da mutanen da ba sa gajiya da musu.

To, mu a ƙasar Hausa ba mu daɗe da kallon fim a tare ba?

Mun daɗe, amma ta wata siga dabam. Tun zamanin mulkin mallaka akwai majigi, motar gwamnati da take zuwa dandali ko ƙofar fada da daddare, a kafa farin ƙyalle, a nuna yadda ake noman gyada da auduga ko yadda ake kauce wa cuta, wani mai bayani yana fassarawa da Hausa ta lasifika. Gidan silima na kasuwanci kuwa ya iso Kano a 1937 da aka buɗe Rex, kuma yawancin gidajen da suka biyo baya na 'yan kasuwa Kwarori ne. A 1951 gobarar silimar El Duniya ta ci rayuka 331, abin da ya ƙara wa mutanen birni ƙyamar wurin, har da aka buɗe Palace a cikin ganuwa kusa da Kasuwar Kurmi a farkon shekarun 1950 sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce. Daga nan ne kalmar ɗan silima ta zama kusan zagi.

Duk wanda ya riski gidaje irin su Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado ya san yanayin. Akasarinsu fili ne babu rufi, sai an yi duhu ake farawa, masu rake da gyada da tsire suna bakin ƙofa, kuma daren da ake saka fim ɗin Indiya sai an yi turmutsutsu a wurin yankar tikiti. Idan jarumi ya damƙi bos sai wuri ya kaure da ihu da fito, idan kuma fim ya tsinke a tsakiya mai haskawa ne zai sha zagi. Washegari a majalisa sai wanda ya je ya kwashe labarin tun daga farko ya ba waɗanda ba su je ba, har da kwaikwayon murya da waƙa, alhali ba ya jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci. Wannan ma fashin baƙi ne, kuma mai daɗi.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsari. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kunno kai daga 1990, kallo ya koma ɗaki da tsakar gida, sharhi kuma ya koma mujallu irin su Fim da aka fara bugawa a 1999, da zauren intanet da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya jagoranta a farkon shekarun 2000. A yau hirar fim ta cika Facebook da TikTok, sai dai mafi yawanta a kan wace jaruma ce ta yi aure, wace ce ta fito, wane ne ya sayi mota. A ganina wannan shi ne giɓin da ƙungiyar kallo za ta cike: ta ɗauke hira daga kan 'yan fim ta mayar da ita kan fim.

Yaya zama ɗaya yake gudana?

Kafin a kashe fitila, wani daga cikin 'yan ƙungiya zai miƙe ya yi gabatarwa ta minti biyar: wa ya ba da umarni, a wace shekara, a wace ƙasa, me yake faruwa a can a lokacin. Ba ya tona yadda labarin zai ƙare, ba ya kuma faɗin ko fim ɗin ya yi kyau. Sannan a kalla har ƙarshe, waya a kashe, ba a tsallake ko da waƙa ce.

Lokaci mafi wuya shi ne minti biyun farko bayan an kunna fitila. Kowa yana kallon ƙasa, wani yana laluben takalminsa, sai can wani ya ce ai fim ya yi ma'ana, Allah ya ƙara basira. Idan jagoran zama ya karɓi wannan ya wuce, to zama ya mutu. Gogaggen jagora sai ya jefa ƙaramar tambaya wadda kowa zai iya amsawa. A misali, a fim ɗin da aka yi wa mace kishiya, zai iya cewa: lokacin da mijin yake sanar da uwargida, me ya sa kyamara ta bar fuskarsa ta tsaya a kan hannunta tana tsince shinkafa? Nan take wata za ta ce don a nuna ta ji amma ba za ta ba shi fuska ba. Wani zai ce a'a, ɗan wasan ne bai iya ba, darakta ya ɓoye shi. Na uku zai tuna cewa an sake nuna farantin nan a ƙarshe, a kife. Daga nan ba a ƙara roƙon kowa ya yi magana, sai ma a riƙa raba dama. Sa'a ɗaya ta isa, kuma gara a tashi mutane suna son ƙari. Ƙa'ida ɗaya ce ba a sassautawa: duk wanda ya yaba ko ya kushe, sai ya nuna wurin da ya gani a cikin fim ɗin.

Wa yake zaɓen fim?

Ƙaramin kwamiti na mutum uku ya fi, a riƙa sauya shi bayan 'yan watanni, domin idan aka bar zaɓi ga ƙuri'ar kowa da kowa, kullum fim ɗin da kowa ya riga ya gani ne zai ci. Yana da kyau a gwama sabo da tsoho, na gida da na waje. Mutane da yawa sun karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a makaranta, amma kaɗan ne suka taɓa ganin fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a kansa a 1976. Zama a kan wannan kaɗai zai iya cinye dare.

Kuɗi fa, da batun izini?

Hanya mafi sauƙi ita ce a daidaita da gidan silima a kan ranar da ba shi da ciniki sosai, ƙungiya ta sayi tikiti a dunƙule da rangwame, a bar mata ɗakin na ɗan lokaci bayan an gama. Inda babu silima, ɗakin taro na makaranta ko ɗakin karatu ya wadatar, sai a tanadi na'urar haskawa da lasifika mai kyau da man janareto. Kuɗin wata kamar adashe ne, a rubuta a littafi, a karanta wa kowa.

Izini kuwa iri biyu ne. Na farko na mai fim ne, domin mallakar kwafi ba ta ba mutum haƙƙin nuna shi ga taro. Idan fim ɗin Hausa ne ma abin ya zo da sauƙi, tunda furodusa yana nan kusa, kuma sau da yawa shi ko darakta zai so ya zo ya ji ta bakin masu kallo. Na biyu na hukuma ne: akwai hukumar tace finafinai ta tarayyar Nijeriya da aka kafa a 1993, a Kano kuma akwai ta jiha tun 2001, wadda take sa ido a kan finafinai da wuraren nuna su. A je ofishinsu tun kafin zaman farko ya fi a jira su zo.

Yaya za a yi da tsohon zargin da ake yi wa silima, musamman ga mata?

Zargin yana da tushe, domin tsofaffin gidajen wuri ne na dare da hayaƙi da cakuɗa, kuma macen da aka gani a can ta shiga bakin duniya. Ƙungiya tana iya kauce wa duk wannan ta hanyar tsarinta: a yi zama da rana tsakanin Azahar da Magariba, a tsaya a yi La'asar, a ware wurin zaman mata ko a ba su rana tasu, a sanar da fim ɗin tun da wuri don kowa ya san abin da zai gani. Mata su ne suka fi kallon finafinan Hausa a gida, kuma labaran aure da saki da kishi a kansu ake yi, don haka zaman da babu su rabin zama ne.

Tunda kowa yana da fim a wayarsa, me zai sa ya fito?

Mai kallo a waya yana tura fim gaba idan ya gaji, yana amsa saƙo a tsakiya, yana kallon kashi na 40 na shiri mai dogon zango yana cin tuwo. A ɗaki mai duhu kuwa dole ya zauna da fim ɗin yadda aka gina shi, ya ji inda mutum hamsin suka yi dariya tare da inda suka yi tsit, ya kuma ga abin da ƙaramin allo yake haɗiyewa, kamar inuwa a bango ko fuskar wanda yake can baya bai ce komai ba. Daraktan da aka gayyata shi ma yana samun abin da adadin masu kallo a YouTube ba zai gaya masa ba: zai zauna a kujerar baya ya ga daidai mintin da mutane suka fara ciro wayoyinsu, sannan idan an kunna fitila wata malamar makaranta ta ɗaga hannu ta tambaye shi dalilin da ya sa waƙa ta shigo ana tsakiyar zaman makoki.